Muryar Fijon Alhaji

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Da a ce a 'yan shekarun baya wani ya tare mu ya ce mana faɗin bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin mota zai iya hana uwa shiga motar mijinta, har ya kusa raba mu da ɗan cikinmu, to da dariya za mu yi masa, mu ce ya nemi abin yi. Amma ga shi yau mu ne muka ɗauki alƙalami don mu ba mai karatu wannan labari, ko Allah zai sa wani ya tsira daga ramin da muka auka.

Mu uku ne maza a gidanmu, sai mata huɗu. Dukkanmu a unguwar Sabo ta Ibadan aka haife mu, ko Badun kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, falken goro ne. A 1982 ya sayi mota Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, sabuwa fil daga cikin waɗanda ake harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna tun da aka buɗe masana'antar a 1975. Wanda ya san shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa matsayin wannan mota. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975. Amma mu ba a takarda muka san ta ba. Mun san ta a hanyar Oyo da Ogbomosho da Ilori, mun san ta a kan gadar Jebba da tsakar dare, mu bakwai a cunkushe kamar goro a huhu, ana tafiya gida Arewa yin Sallah.

Da Alhaji ya rasu a 2021, sai muka lulluɓe motar da tamfol a gefen zaure, ba mai taɓa ta. Dillalai sun zo sun taya, Inna ta ce ba ta sayarwa ba ce. Haka ta zauna shekara biyu, har aka sa ranar auren Auta a ƙarshen 2023. To, a gidanmu akwai wata al'ada: yayyenta mata uku duka a cikin wannan mota aka kai su ɗakin miji, Alhaji da kansa yana ba direba makulli. Saboda haka ba sai an yi shawara ba, mun san Auta ma a cikinta za a kai ta. Sati shida ya rage muka yaye tamfol.

Injin bai ba mu wahala ba. Aka sa sabon batir, aka wanke kafireta, aka canza fulogi da baƙin mai, sai ga ta ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Inda gizo ke saƙar shi ne salansa. Damina biyu ta Ibadan ta cinye ta, tsatsa ta huda ta tun daga tsakiya har wutsiya, ta koma kamar rariya. Dole a yi sabuwa. A nan ne fa shaiɗan ya sami ƙofar shigowa.

Mun daɗe muna kallon hotuna masu motsi a waya na tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1960, waɗanda ake gyarawa ana yawo da su a titi, da manyan bututun salansa masu ƙyalli, suna ruri kamar zaki. Sai zuciya ta raya mana cewa ai tamu ma tsohuwar mota ce mai daraja, me zai hana ranar biki ta shigo unguwa da irin wannan ruri, kowa ya leƙo? Muka kuma ƙulla wa kanmu hujja da ta yi kama da hankali: hayaƙi datti ne, inji so yake ya rabu da shi, saboda haka duk yadda ƙofar fita ta ƙara faɗi, haka inji zai ƙara sakewa, ya ƙara ƙarfi, ya rage shan mai. Maganar mai kuwa ba ƙarama ba ce a lokacin, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na wannan shekara kowace lita sai an yi lissafinta. Abin da ba mu tsaya muka tambaya ba shi ne girman injin waɗancan motoci. Silinda takwas gare su, masu cin lita 5 zuwa 7, alhali tamu silinda huɗu ce, ba ta ma cika lita 2 ba.

Muka je wurin wani matashin mai walda, muka ce ya sa mana bututu mai faɗin inci 3. Bai yi mana musu ba, tun da kuɗinmu ne. Ya yanke tsohuwar tun daga kusa da inji, ya jefar da tukunyar tsakiya, ya bar guda ɗaya ƙarama a baya. Da aka tayar da motar a garejin, sai da yaran shagon suka yi tafi. Mu kuwa kai ya kumbura, muka biya har da tukuici.

Tun a hanyar komawa gida muka fara jin wani abu ba daidai ba, amma kowannenmu ya yi shiru don kada a ce shi ne ya fara karaya. Duk wanda ya san Ibadan ya san gari ne na tuddai, kuma gari ne na cunkoso. Wannan mota da Alhaji kan hau tudun Mokola da ita a giya ta uku, cike da mutane, ba tare da ta yi ko tari ba, sai ga ta tana neman a sauko mata zuwa ta biyu, a kuma danna totur sosai. In an tsaya a cunkoso za a tashi, sai ta yi nauyi, sai an yi ta wasa da kuloci. In an saki totur a gangare, sai ta riƙa harbi ta baya kamar bindigar toka. Ga wani gunji da ke cika cikin motar, ya shiga kunne ya zauna a ƙeya, har na gaba ba ya jin maganar na baya. Ƙara ta ninku, ƙarfi ya ragu, allurar mai kuma tana sauka muna kallo.

Da muka shigo layinmu yara suka biyo mu da gudu suna ihu, abin da muka nema ke nan. Muka shiga gida da fara'a don mu fito da Inna ta gani. Ya kamata mai karatu ya sani cewa idanun Inna sun yi rauni ƙwarai, da kunne take gane yawancin abubuwa. Muka same ta zaune a kan tabarma, ko motsi ba ta yi ba. Muka ce, "Inna, an gyara motar Alhaji, ga ta a ƙofar gida." Sai ta ce, "Wace motar? Wannan da ta shigo tana tsorata mini kaji? Ku mayar wa mai ita. Shekara talatin da tara ina jin motar mahaifinku tun daga kan kwana, kafin ya tsaya na ɗora ruwan wanka. Wannan ba muryarta ba ce, kuma ba zan shiga ba, ba kuma za a sa mini 'ya a ciki ba."

Muka fito jiki a sanyaye, amma girman kai bai sake mu ba. Muka ce ai tsufa ne, in ta saba za ta daina. Wanda bai ji bari ba kuwa, zai ji hoho.

Bayan kwana huɗu muka ɗauki motar zuwa Shagamu sayen goron biki, da ɗan babbanmu, yaro ɗan shekara bakwai, a kujerar baya. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, muka ɗaga gilasai duka. Ba mu yi nisa ba kanmu ya fara sarawa, muka ɗora laifin a kan gunjin salansa. Can muka lura yaron da ke ta surutu ya yi tsit. Muka waiwaya, sai ga shi ya langaɓe, ya yi amai a jikinsa, ana kiransa yana amsawa da ƙyar. Allah ya sa muka tsaya nan take, muka fito da shi cikin ruwan, iska ta buge shi, sa'an nan muka garzaya asibiti da gilasai a buɗe. Likita ya tambaye mu ko a rufaffiyar mota muke, muka ce e. Ya ce iskar gubar nan ce ta hayaƙin inji, wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya yi ta jin barci har ya zarce. Daga baya muka gano cewa wurin da aka haɗa ƙaton bututun da ƙaramin bakin da ke fitowa daga inji, tun da ba su dace da juna ba, an cike giɓin ne da walda, girgiza ta tsaga ta. Ƙasan motar kuma tsatsa ta yi masa 'yan ƙofofi. Ta nan hayaƙin ya riƙa hawowa daidai ƙafar yaron. Garin gyaran gira mun kusa rasa ido.

Washegari, ba wanda ya ce da wani komai, muka nufi wurin da ya kamata mu fara zuwa tun farko. Akwai wani dattijon Bayarabe, tsohon bakanike, wanda shi ne ya riƙa duba motar nan tun tana sabuwa, ya kuma iya Hausa kamar a Kano aka haife shi saboda zama da mutanen Sabo. Mun guje shi ne da farko don mun san ba zai yarda ba. Yana zaune a kan benci ya ji shigowarmu, bai ko tashi ba ya ce, "'Ya'yan Alhaji, wa ya yi wa tsohuwata wannan aika-aika?" Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, mu ne, a yi mana aikin gafara."

Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko tsohuwar salansar tana nan. Allah ya sa mun jefa guntunta a but. Ya ɗauki zare ya naɗa a jikin inda tsatsa ba ta ci ba, ya miƙe zaren a kan ma'auni, ya sami milimita 140. Ya ce da ƙaraminmu, wanda ya yi karatun kimiyya, ya raba da 3.14. Aka sami kusan milimita 45, wato inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Sa'an nan ya ce, "To, ku a ganinku inci ɗaya da 'yan kai kuka ƙara. Yaro, lissafa musu faɗin ramin." A nan ne muka ga abin da ido ya ɓoye mana. Filin bakin bututu ba ya ƙaruwa daidai da faɗinsa, ninkuwa yake yi: in faɗi ya ninka biyu, fili ya ninka huɗu. Daga inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu zuwa inci 3, ramin ya kusa ninkawa uku. Tun da kuwa injin bai canza ba, hayaƙin da yake fitarwa bai ƙaru ba, sai gudun hayaƙin a cikin bututun ya faɗo zuwa wajen sulusin yadda yake a da.

Muka ce, "Baba, to mene ne laifin hayaƙi ya tafi a hankali, in dai zai fita?" Ya nuna mana kwatar da ke gaban garejin, ƙatuwa, da ɗan ruwa kwance a cikinta ya yi baƙi. Ya ce, "Me ya hana wannan ruwa tafiya? Hanya ce ba ta ishe shi ba?" Muka yi shiru.

Bayanin da ya yi mana a ranar, wanda daga baya muka bi littattafai muka tarar haka yake, ga shi a taƙaice. Injin mota irin wannan numfashi yake yi hawa huɗu: fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya kunna wuta ta tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda sau ɗaya take fitar da hayaƙi a juyi biyu na inji, saboda haka mai silinda huɗu yana huci sau biyu a kowane juyi. In inji yana juyi 3,000 a minti, huci 6,000 ke nan, wato 100 a kowace daƙiƙa. Ashe hayaƙi ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba, dunƙule-dunƙule yake fita, wani na bin wani. Kowane dunƙule in ya wuce da gudu yakan bar wani ɗan gurbi mai zuƙa a bayansa, kamar yadda babbar mota in ta wuce a guje takan ja busasshen ganye da leda su bi ta. Wannan zuƙa ita ke jawo dunƙulen da ke biye, ta share silinda tas, har ma ta taimaka wajen jawo sabuwar iska, domin akwai ɗan lokaci ƙanƙane da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. In bututu ya yi faɗi fiye da kima, sai dunƙulen ya baje, ya huce, ya rasa gudu, zuƙar ta mutu. Sai sauran hayaƙi ya maƙale a silinda ya gauraya da sabon cajin, wuta ta yi rauni. An fi jin wannan a ƙaramin juyi, wato daidai inda motar gari take rayuwa: tashi daga tsayuwa, hawan tudu, bin cunkoso.

Amma dattijon ya ja mana kunne kada mu faɗa ɗaya ramin. Ya ce akwai masu cewa inji yana son a ɗan toshe shi, wai matsin da ke komowa baya shi ke ba shi ƙarfi. Wannan kuskure ne. Ba inji da ke amfana da toshiya. In bututu ya yi ƙanƙanta, fistin zai ɓata ƙarfinsa wajen tura hayaƙi, inji ya yi zafi, ya shaƙe in an hau babbar hanya. Abin da ake nema gudu ne ba tare da toshiya ba, wato mafi ƙanƙantar bututun da zai iya kwashe duk hayaƙin da injin ke fitarwa a lokacin da ya fi aiki. Saboda haka tambaya ba ita ce wane bututu ya fi girma ba. Tambayoyin uku ne: nawa ne girman injin, ƙarfin doki nawa yake bayarwa, kuma a wace hanya motar za ta yi rayuwarta? Motar tsere da ke wuni a babban juyi tana son faɗi. Motar Amurka mai silinda takwas tana iya ɗaukar bututu biyu masu inci biyu da rabi. Fijon Alhaji, da ƙarfinta bai kai doki 100 ba, aikinta kuma kai amarya da zuwa Shagamu, ba ta da abin da za ta zuba a inci 3.

Ya ƙara mana da wasu abubuwa da ba a gani sai an sunkuya. Na farko, faɗin da ke kusa da inji shi ya fi tasiri, domin a nan hayaƙi ya fi zafi da gudu. Yana tafiya baya yana hucewa yana tsukewa, don haka wutsiya ba ta bukatar ƙarin faɗi, kuma mai son ƙawa yana iya sa bakin ƙarfe mai ƙyalli a can ƙarshe ba tare da ya cuci inji ba. Na biyu, lanƙwasa: in aka lanƙwasa bututu ya motse a kwana, to faɗinsa na gaskiya shi ne na wurin motsewar, ko nawa aka rubuta a jikinsa. Na uku, mota mai kafireta ba ta da na'urar da za ta daidaita kanta kamar motocin yanzu. In an canza yadda take fitar da numfashi, sai an sake saita yadda take shaƙa. Harbin da muke ji a gangare kuwa, iska ce ke shiga ta tsagar waldar tana kunna ragowar fetur a cikin bututun.

Duk da haka sai da muka ɗan yi ja-in-ja. Na tsakiyarmu ya ce ko a sa inci 2, a raba gardama. Dattijon ya ce inci 2 ba zai yi ɓarna ba, ƙarin ramin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma da an taɓa injin an ƙara masa ƙarfi da shi zai ba mu shawara. Amma wannan inji yadda ya fito daga Kaduna haka yake, waɗanda suka ƙera shi kuma ba da ka suka zaɓi ma'auninsu ba. Sa'an nan ya dube mu ya ce, "Ku da kuka zo, ƙarfi kuke nema ko muryar da Hajiya ta sani?" Ba wanda ya sake magana. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kwana uku muka yi muna zagaya kasuwar kayan mota ta Agodi Gate da zarenmu a aljihu, muna auna duk bututun da aka miƙo mana, har muka sami mai milimita 45 da tukwane biyu irin na asali. Dattijon ya tsaya a kan aikin da kansa. Aka haɗa bakin gaba da gasket da kusoshi maimakon walda, aka rataye bututun da robobi don ya sami wurin motsi, aka toshe ƙofofin ƙasan motar da sabon ƙarfe. Da aka gama ya tayar da ita, ya sa tsumma ya danne bakin wutsiya na ɗan lokaci, yana saurare ko zai ji tsiyayar iska a wani wuri. Bai ji ba. Ya juya sukurun kafireta kaɗan-kaɗan, kunnensa a kan inji, har ta daidaita. Muka hau tudun Mokola a giya ta uku, mu huɗu a ciki, muna hira ba mai ɗaga murya.

Da muka shigo layi ba yaron da ya biyo mu. Muka tsaya, muka kashe, muka shiga gida gabanmu yana faɗuwa. Sai muka tarar Inna a tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an kama ta. Ta yi shiru har muka fara tsarguwa. Can ta ce, "Ita ce. Muryar ta ɗan yi ƙuruciya, ta mahaifinku ta fi wannan dusashewa, amma ita ce." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce a ba ta hannu ta je ta taɓa ta.

Ranar biki a cikinta aka kai Auta, Inna da kanta ta miƙa wa babbanmu makulli. Yaron nan kuwa ya warke sarai, ya ma so ya shiga ayarin, amma mahaifiyarsa ta ce sai dai a bar gilashi a buɗe, kuma har yau ba mu iya yi mata musu ba. Ƙaton bututun yana nan a bayan gida, mun ba shi aikin da ya dace da shi, shi ke kwashe ruwan indararo zuwa kwata in damina ta sauka. Zaren kuma yana cikin aljihun gaban motar, tare da takardunta.

Ga duk ɗan'uwan da ya gaji tsohuwar mota yana son ya tashe ta, shawararmu ita ce ya auna tsohon bututun kafin ya jefar, ya nemi tsohon da ya san motar kafin ya nemi mai walda, ya kuma duba ƙasanta da kyau kafin ya sa yaro a baya ya ɗaga gilashi. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka wa dattijon nan da alheri, amin.